Shekarar da Na Goge Akwatin Ɓera da Kolonya

Aikin farko da aka ba ni a ma'amal, wato ɗakin bincike, shi ne goge akwati. Baba Yunusa, tsohon da ke kula da ɗakin dabbobi tun kafin a haife ni, ya miƙa mini tsumma da kwalba, ya ce in goge, in jira ya bushe, in sake gogewa. Sati uku na yi ina wannan kafin ya bari in taɓa wutsiyar ɓera. Da na yi masa ƙorafi cewa shahadar sanawi, takardar gama sakandare, gare ni, sai ya ce shi ma ya ji labari, amma ɓerayen ba su ji ba.

Ku 'yan matan layinmu da kuka gama makaranta bana, masu tare ni a bakin famfo kuna cewa in yi muku hanya, wai aikin Amna zama ne a ɗaki mai sanyi tana kallon ɓera yana yawo, ku nake rubuta wa. Na gwada faɗa muku da baki, amma akwai wurin da idan na zo muryata takan ɗauke. A takarda ya fi mini sauƙi.

Ta hanyar yayata Hajara na shiga aikin. Ta yi zama a Fau da mijinta, tana aikin gona da cikin 'yarta Safiya, a shekarun da ake feshin maganin ƙwari mutane na cikin gona. Safiya ta taso lafiya lau a jiki, amma ba ta magana, ba ta kallon idon mutum, kuma tana iya wuni tana jera murafun kwalba a bakin tabarma, in an taɓa ɗaya ta yi kukan da sai maƙwabta sun leƙo. Likitoci suna kiran wannan tawahhud. Dangin mijin suna kiransa da wasu sunaye, kuma duk sunan da suka kira a kan Hajara yake sauka. Da suka dawo Gadarif, wata likita mai bincike, Daktora Salwa, ta zo gida tana yi wa iyaye mata tambayoyi. Ni na zauna ina juya mata abin da Innarmu ke faɗa da Hausa, don Inna in ranta ya ɓaci Larabcinta gudu yake. Daktora ta ga ina rubutu da tsabta, ta ce in zo in same ta.

Abin da take nema shi ne ko maganin feshin nan, in ya shiga jikin mai ciki, yana taɓa ƙwaƙwalwar abin da ke cikin. Ba za a gwada a kan mutum ba, sai aka koma ga ɓera. Iyayen ɓeraye kashi biyu: kashi ɗaya ana sa musu ɗan maganin a ruwan sha lokacin da suke da ciki, ɗaya kashin ruwa zalla. In 'ya'yan suka kai sati takwas, sai mu auna halinsu. Tun ranar farko Daktora ta ja mini kunne cewa ɓera ba ya tawahhud, kada in je unguwa in ce mun samo Safiya a cikin keji. Abubuwa ƙanana kawai muke iya aunawa: yana neman ɗan'uwansa ko ba ya nema, yana maimaita abu ɗaya ko ba ya yi.

Akwatin da na fara gogewa shi ne babban kayan aikinmu. Wani mai yankan gilashi a kasuwa ne ya haɗa mana shi, bayan ya tambayi Baba Yunusa sau uku ko da gaske don ɓera ne. Ɗaki uku ne a jere, da 'yan ƙofofi tsakaninsu. A ɗakin dama ana kife wani ɗan kwandon waya a kan baƙon ɓera, wanda ba su taɓa haɗuwa da wanda za a auna ba. A na hagu kwandon ne kawai, babu kowa ciki. Sai a ajiye ɓera a tsakiya, a buɗe ƙofofi, a ba shi minti goma. Ni ina zaune bayan labule da agogo biyu, ɗaya a kowane hannu. In hancinsa ya kai kwandon baƙo in danna na dama, in ya koma kwandon wofi in danna na hagu. Ba tari, ba motsa kujera, ba jan majina.

Har yau abin yana ba ni mamaki. Ɓera mai lafiya, da an buɗe ƙofa zai leƙa nan, ya leƙa can, sai ka ga ya nufi baƙon nan kamar wanda aka ce masa ɗan garinsu ya sauka a tasha. Ya shinshina fuska, ya zagaya ya shinshina baya, ya hau kwandon, ya sauko. Ba da ido suke gaisawa ba, da hanci ne. Shi ya sa gogewar take da muhimmanci. In wanda ya fita ya bar fitsari ko ɗigo ɗaya a kusurwa, na bayansa zai tsaya karanta wannan saƙon ya manta da baƙo. Abin da ke ɗauke wari ya tafi da nasa warin ba tare da ya bar komai ba shi ne isbirtu, wanda ake goge fata da shi kafin allura, a sirka shi da ruwa kaɗan.

Akwai gwajin bili kuma, 'yan duwatsun gilashin nan da yara ke wasa da su. A zuba garin katako da kauri, a jera ashirin a kai, a saki ɓera rabin awa, a ƙirga nawa ya binne. Wani zai binne uku ya kwanta. Wani kuwa ba zai huta ba sai ya rufe su kaf, kamar an ba shi kwangila. Ranar da na fara ganin irin wannan na tuna murafun Safiya, na faɗa wa Baba Yunusa. Ya ce in rubuta lamba kawai, tunanin in bar shi a gida.

Kuma ban san wane ɓera ne ɗan magani, wane ne ɗan ruwa ba. Lamba ce a wutsiya da jan alƙalami. Takardar da ta bayyana su tana cikin ambulan a durowar Daktora, ba a buɗewa sai an gama duka. Ta ce yatsan mutum yana da son rai, in ya san abin da ake fata zai danna agogo da wuri ko ya makara, mai shi bai sani ba. Sauran dokokin Baba Yunusa ne ya koya mini: ba a ɗaga ɓera da tsakiyar wutsiya, ba a canza keji ranar gwaji, ba a shiga da turare. Wannan ta ƙarshe ta fi mini wuya, don sana'ar Innarmu haɗa humra ce wa amare, gidanmu ko bokitin wanka ƙamshi yake. Sai na ware tufafin aiki a leda, in na iso in yi wanka a ma'amal da sabulun wanki.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce wadda wuta ta riƙa ɗaukewa wuni guda, ana layin burodi tun asuba. Zafin bazara ya sa iyayen ɓeraye da yawa suka ƙi ɗaukar ciki, sai da aka sake haɗa su, don haka 'ya'yan suka zo kashi biyu, na fari da na baya. Mun yi ta jiƙa buhuna muna rataye wa a taga. Duk wannan wahala ce ta aiki, ana jurewa.

Isbirtu shi ne matsalar. Kun san ƙasar da muke ciki: abin da ke da dangantaka da giya ba ya yawo sai da takarda mai hatimi. Jarkarmu tana kulle a wani sito na magunguna can bayan kasuwa, duk sati uku ni nake zuwa in ɗebo kwalba ɗaya. Wata Lahadi da hantsi kwalbarmu mai rubutu ta tsage, mai siton ya zuba mini a gorar ruwa, takardar kuma na bar ta a aljihun rigar aiki. A kwanar da ake sayar da gawayi aka tare rakshar da nake ciki, keken nan mai ƙafa uku. 'Yan sanda ne masu farautar matan da ke sayar da aragi, giyar da ake dafawa a gida. Ɗaya ya buɗe gorar ya kai hanci, bai ƙara tambayata komai ba.

A ofishinsu na zauna a kan benci daga hantsi har bayan la'asar, tare da wasu mata huɗu. Wadda ke kusa da ni, babba ce, ta gaya mini bulala arba'in ne, ta ce in an zo yi in cusa bakin mayafina a baki in cije, kuma kada in ƙirga, ƙirgawa ke sa ya daɗe. Na ji ana yi wa wata daga bayan bango. Daktora ta zo da takarda da hatimi da muryarta ta manya, aka sake ni, har aka mayar mana da gorar. Ba wanda ya taɓa ni. Sauran matan huɗu na bar su a kan bencin. Iyakar abin da zan faɗa kenan a kan ranar.

Da wannan gorar muka auna 'ya'yan fari. Sai kaka ta zo. Baba Yunusa ya tafi Simsim yankan riɗi kamar kowace shekara, don riɗi in ya nuna ba ya jiran kowa. Daktora ta tafi Khartum jinyar mahaifiyarta. Ta bar mini sabuwar takarda da sabuwar kwalba mai rubutu, komai daidai, sai dai in je sito in ɗebo. 'Ya'yan baya suka kai sati takwas a satin da gorar ta ƙare.

Na shirya, na sa takardar a jaka, na fita bakin titi. Raksha ta tsaya, mai ita ya tambayi ina za ni. Bakina ya ƙi buɗewa. Ya jira, ya yi tsaki, ya tafi. Washegari na sake gwadawa, na kai har inda ake hango tarin gawayi, na ce ya sauke ni, na dawo da ƙafa. Ɓerayen kuwa kwanansu na tafiya, in suka wuce lokaci ba za a haɗa su da na fari ba. Ina da lambar Daktora. Ban kira ba, don ban san yadda zan ce mata takarda na hannuna amma ƙafata ta ƙi ba.

A gida Inna na haɗa humrar wata amarya, kwalaben kolonya, turaren ruwan nan, a jere a gabanta. Na ɗauki ɗaya ina juyawa, sai na ga a jikinta an rubuta yawancinta isbirtu ne. Wannan kuwa a fili ake sayar da ita a kasuwa, mace na iya rungumar goma ta wuce gaban kowa. Na zaɓi mai sauƙin ƙamshi, na sirka da ruwa, na goge akwatin. Ta bushe nan take kamar ta gaskiya. Na jira minti goma, na sa kaina ciki na shaƙa, ban ji komai ba. Ba zan ce ban san doka ba, na sani. Na dai gaya wa kaina ƙamshin ya tashi. Abin da ban lissafa ba shi ne hancin da ya girma a gidan mai humra ba shi ne zai yi shaida a kan kolonya ba.

Ɓerayen suka yi abin da ban taɓa gani ba. A buɗe ƙofa, su tsaya a tsakiya suna wanke fuska da hannu biyu, su wanke, su sake wankewa. Wasu su shiga ɗakin baƙo su bi bango su fito kamar babu kowa. Agogon dama ya kusa yin barci a hannuna. Na rubuta duk abin da na gani, lamba bayan lamba, kwana goma sha biyu. A raina ina cewa ashe haka abin yake.

Daktora ta dawo, ta buɗe ambulan a ofis, ta haɗa lambobi. Sai ga shi 'ya'yan baya kusan dukansu 'yan magani ne, don iyayen da aka ba magani su ne suka fi ƙin ɗaukar ciki a bazara. Na fari kuwa, waɗanda aka auna da isbirtu na gaskiya, yawancinsu 'yan ruwa. A takarda abin ya fito kamar rana: 'yan ruwa suna neman ɗan'uwansu, 'yan magani ba sa nema. Ta ce bambancin ya fi yadda ta yi zato girma, za ta aika wa malaminta, kuma in ya duba ya yarda za ta je Fau ta tara matan da suka yi aikin gona da ciki ta gaya musu. Ba ta shiga ɗakin gwaji ba, don ita ma da turarenta ta zo.

Duk Juma'a Yaya Hajara takan zo gida da Safiya, kuma tambayarta ɗaya ce, tana yi tana dariya: me ɓerayenku suka ce? Shekara biyu tana jiran ranar da za ta je gidan surukanta ta ce ba jinina ba ne, ba bakin kowa ba ne, ga abin da ya yi. Wannan Juma'ar na ce mata an kusa. Ta ajiye kofin shayi ta dube ni, ba ta yi dariya ba.

Ranar Asabar Baba Yunusa ya dawo, ya yi baƙi, hannunsa duk kanta. Ya tura ƙofar ɗakin gwaji, ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki.

"Amna, wa aka ɗaura wa aure a ɗakin nan ba a gayyace ni ba?"

Na ce ba kowa. Ya je ya ɗauki tsumman da ke rataye, ya shinshina, ya mayar. Ya ɗaga kwalbar mai rubutu ya ga ko jiƙa ba ta taɓa yi ba. Sai na gaya masa duka, har tarin gawayi. Bai yi faɗa ba. Na tambaye shi ko ƙamshin ne ya sa suka yi haka, ko kuwa da ma za su yi, don in maganin ne da gaske, to me na ɓata? Ya ce shi bai sani ba, ni ma ban sani ba, kuma masu sanin suna nan cikin keji suna cin dawa. Shi ba zai kai ƙarata ba, ya ce, amma in tambaye su.

Shi ya je ya ɗebo isbirtu. Muka wanke akwatin da ruwan zafi, muka shanya shi kwana biyu a rana. Na ɗauko ɓeraye goma sha biyu daga cikin na kiwo, waɗanda ko iyayensu ba su taɓa ganin magani ba. Shida na auna da isbirtu, suka ruga wurin baƙo kamar kullum. Sannan na goge da kolonyar Inna na saki na bakwai. Ya tsaya a tsakiya, ya ɗaga hanci sama, ya zauna ya fara wanke fuska. Na takwas haka. Na tara ya leƙa baƙon sau ɗaya ya dawo. Ina bayan labule, agogo biyu a hannu, kuma duk da abin da ke jirana sai da na ji ina son ganin na goma. Ashe ƙamshin da ake biyan Inna don amarya ta yi kwarjini, a wurin ɓera kamar a toshe maka kunne ne a ce ka gaisa da baƙo.

Na kai wa Daktora takardun gwajin biyu, na isbirtu da na kolonya, da kwalbar kolonyar, na ajiye a teburinta. Saƙon da za ta aika wa malaminta ta riga ta rubuta, bai dai tafi ba. Ta karanta takardun, ta sake karantawa. Ta ce aikin wata bakwai ne ya tafi, da ɓeraye sama da arba'in da ba za a sake aunawa ba, kuma da ta je Fau da wannan da ta gaya wa matan nan abin da ba ta sani ba, su kuma da sun riƙe shi har mutuwa. Ta ce laifinta yana ciki, da ba ta gauraya na fari da na baya ba. Sannan ta cire tabarau.

"Ya bitti, 'yata, me ya sa ba ki kira ni ba?"

Na ce na ji kunya. Ta ce kunyar nan ta fi isbirtu tsada. Ba ta kore ni ba. Ta sa ni na rubuta abin da ya faru da hannuna a littafin ma'amal, da kwanan wata, a shafin da duk ɗalibin da ya zo zai gani.

Saura Juma'a. Hajara ta zo, Safiya ta zauna bakin tabarma da murafunta. Hajara ba ta ma yi tambayar ba, ta dai zuba mini ido. Na gaya mata babu amsa, kuma ni na ɓata. Mai yiwuwa maganin ne, mai yiwuwa ba shi ba, yanzu ba wanda ya sani, sai an sake daga farko. Ta tambayi wata nawa, na ce bakwai in zafi ya bari. Inna ta fara salati tana cewa da kolonyarta aka yi wannan aika-aika, Hajara ta ce ta yi shiru. Ta juya wajen 'yarta. Na ɗauka za ta tashi ta tafi.

"Kwalbar nan, wace rana ake ɗauko ta?"

"Lahadi, Yaya. Duk sati uku."

"To ki biyo ta gidana."

Haka muke yi tun daga lokacin. Takardar na manne ta a jikin kwalbar da gam, Hajara ce ke riƙe ta a cinya, a fili, ba jaka ba mayafi. Safiya tana zama tsakaninmu tana kallon yadda ruwan ke kaɗawa in raksha ta faɗa rami. Sau ɗaya aka tare mu, Hajara ta miƙa kwalbar tun kafin a tambaya, aka karanta aka ce mu wuce. Ni har yanzu in mun doshi tarin gawayi idona rufewa yake, sai na ji ta mintsine ni a hannu in san mun wuce.

Sabbin 'ya'yan yanzu satinsu biyar. An gauraya su, ambulan yana durowa a rufe, ban san abin da za su ce ba, kuma Hajara ta daina tambaya ranar Juma'a, sai dai ta tambayi ko kwalbar ta kusa ƙarewa. Daktora ta ce za a ɗauki mutum ɗaya ya taya ni kafin lokacin gwaji. Wadda ke so a cikinku ta zo ranar Asabar da safe, ba turare, ba lalle sabo. Tsumma zan fara ba ta, sannan in buɗe mata shafin nan ta karanta.